Tambayoyi da amsoshi kan ƙarin allurar rigakafi ga masu raunin garkuwar jiki, don 'yan'uwa mazauna Legas

Waɗannan tambayoyin su ne mutanenmu suke ta maimaitawa, daga Agege zuwa Idi-Araba, Mile 12, Obalende, Alaba Rago har Sabon Ikorodu, wani a bakin masallaci wani a layin karɓar magani. Na tattara su waje ɗaya saboda na lura mutum biyu ne suka fi yawa a cikinmu: wanda ya kamata ya ƙara allura amma yana gudu, da wanda bai kamata a yi masa wata irin allura ba amma ya je ya miƙa hannu bai faɗa wa kowa ciwonsa ba. Duka biyun akwai matsala. Abin da ke nan bayani ne, ba ya maye gurbin likitan da ke riƙe da fayil ɗinka.

Tambaya: Malam, ni fa na yi allurar korona har sau biyu, katina ma yana nan. Me kuma za a ƙara min? Ko dai ta farkon jabu ce?

Ba jabu ba ce ɗan'uwa. Abu biyu ne ake haɗawa a kira su da suna ɗaya alhali daban suke. Akwai ƙarin allura na masu raunin garkuwa, akwai kuma busta.

Ka ɗauki yara biyu a makarantar allo. Ɗaya ana biya masa sau biyu ya haddace, ɗayan sai an biya masa sau uku kafin karatun ya zauna. To wannan biyawar ta uku ita ce ƙarin allura, mai raunin garkuwa jikinsa bai kama darasin ba tun farko, sai an ƙara masa kafin ya kai inda sauran mutane suka kai da allura biyu. Shi kuwa wanda ya haddace tun farko, in ya daɗe bai yi tilawa ba haddar za ta fara zubewa, sai ya koma ya bita, wannan ita ce busta. Shi ya sa tazararsu ba ɗaya ba. Ƙarin allura ana yin ta kusa-kusa, a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tsakanin wata 1 zuwa wata 3 bayan ta biyu. Busta kuma sai an ɗau watanni. Lokacin da Najeriya ta fara busta ranar 10 ga Disamba 2021, ƙa'idar ita ce wata 6 bayan allura ta biyu ga wanda ya yi AstraZeneca ko Moderna ko Pfizer, wata 2 ga wanda ya yi Johnson & Johnson. Mai raunin garkuwa kuwa duka biyun yake buƙata, ya yi ƙarin, daga baya kuma ya yi bustar.

Kuma ba shaci-faɗi ba ne. A 2021 likitocin Johns Hopkins a Amurka sun auna jinin mutanen da aka yi wa dashen ƙoda ko hanta da makamantansu, bayan allura biyu kashi 54 cikin 100 ne kawai jikinsu ya nuna ya samar da sojojin kariya, wato kusan rabi kenan kamar ba a yi musu komai ba. A Faransa kuma da aka ƙara wa irin waɗannan marasa lafiya ta uku, adadin ya tashi daga kashi 40 zuwa kashi 68.

Tambaya: To su wane ne ake cewa masu raunin garkuwar jikin? Ni dai ina yawan yin mura.

Yawan mura a Legas, da ƙurar hanya da hayaƙin janareta, bai isa ya sa ka cikin wannan sahun ba. Waɗanda likitoci suke nufi su ne mai ciwon daji da ake yi wa kimo (maganin kashe ƙwayoyin daji) ko gashi da na'ura, musamman dajin jini, da wanda aka yi wa dashen ƙoda ko hanta ko ɓargo yana shan maganin hana jiki ƙin dashen, da mai cuta mai karya garkuwar jiki wanda bai fara shan magani ba ko kuma CD4 ɗinsa, wato adadin sojojin garkuwa a gwajin jini, yana ƙasa da 200, da mai wankin ƙoda, da wanda aka cire wa saifa ko ta daina aiki, da masu shan magungunan danne garkuwa saboda lufus (ciwon da garkuwa ke juyowa kan jikin mutum) ko wani irin ciwon gaɓɓai, da yaran da aka haifa da raunin garkuwa.

Sai kuma wani rukuni da ba a cika ambata ba kuma gaskiya shi ya fi damuna: masu shan sitiroyid, wato magunguna irin su prednisolone da dexamethasone. A wajen likitoci wanda ya yi sati 2 ko fiye yana shan prednisolone miligiram 20 ko sama da haka kullum, an danne garkuwarsa. To ina ga 'yan matan da suke sayen dexamethasone a kemis ko a tiren mai tallar magani don su yi ƙiba, irin wanda ake kira sha-ka-fashe, wata ta yi wata da watanni tana afawa ba wanda ya sani a gida? Fuska ta yi tulu-tulu, ana cewa aure ya karɓe ta ko Legas ta karɓe ta, alhali garkuwarta na ƙasa. Haka wasu dattawa masu ciwon gwiwa da ake haɗa musu magani a ƙulle a leda ba suna ba komai, sau da yawa akwai irinsa a ciki. In kin san kina sha, ki faɗa wa nas kafin allura, ba wanda zai kama ki. Kuma kar ki yanke shi rana ɗaya bayan kin daɗe a kansa, hakan ma haɗari ne, likita ne zai rage miki a hankali.

Tambaya: Babanmu yana da suga da hawan jini, ya haura 70. Shi ma yana ciki?

Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Shi yana cikin ɗaya rukunin, wato waɗanda in cuta ta kama su ta fi kwantar da su. Jikinsa yana kama allura, sai dai kariyar tana saurin raguwa a tsofaffi, kuma suga da ciwon zuciya da ciwon huhu da ƙiba mai yawa duk suna sa ciwon ya yi tsanani. A jadawalin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ta sa tsofaffi, da masu irin waɗannan cututtuka, da masu raunin garkuwa, da masu juna biyu, da ma'aikatan lafiya a sahun gaba, ta ce a riƙa sabunta musu ta korona bayan wata 6 zuwa 12 daga ta ƙarshe, gwargwadon shekaru da yanayin mutum. Saurayi lafiyayye da ke dako a Mile 12 ba ta ce ya yi ta maimaitawa ba.

Tambaya: Ba an ce korona ta wuce ba?

Abin da aka sanar ranar 5 ga Mayu 2023 shi ne ta daina zama annobar gaggawa ta duniya. Ƙwayar cutar tana nan tana yawo tana canza kama. Ga yawancinmu ta zama kamar mura mai nauyi, ga mai dashen ƙoda ba haka ba ne. Kuma kar mu manta a nan Legas aka fara samunta a Najeriya, 27 ga Fabrairu 2020, garin da jiragen sama da na ruwa suke sauke mutane dare da rana.

Tambaya: Wai duk maganar ta korona ce kaɗai?

A'a, ni a ganina ma a yanzu sauran sun fi ta muhimmanci ga mutanenmu, kuma su ne ba a sani ba.

Mu fara da sikila, tunda Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu ita, ana ƙiyasta kusan jarirai 150,000 duk shekara. Yaro mai sikila saifarsa tana lalacewa tun yana ƙarami saboda jinin da ke toshe ta, ita kuwa saifa ita ce ke tace wasu ƙwayoyin cuta masu kawo limoniya da sanƙarau da gubar jini. Shi ya sa zazzaɓin da zai kwantar da wani yaro kwana biyu, shi yana iya kai shi gargara cikin sa'o'i. Allurorin gwamnati na sati 6 da sati 10 da sati 14 akwai ta limoniya a ciki, kyauta a kowace cibiyar lafiya ta unguwa, kar a tsallake ko ɗaya. Amma ga mai sikila ba su wadatar ba, daga shekara 2 ana ƙara masa wata ta limoniya mai faɗi wadda ta rufe nau'i 23, a kuma maimaita bayan shekara 5, sannan ta sanƙarau ita ma ana sabunta masa. Waɗannan ƙarin ba sa cikin na kyauta da aka saba yi wa kowane yaro, sai uwa ta buɗe baki ta tambaya a kilinik ɗin sikila. Mu na Legas ma mun yi sa'a, cibiyar sikila ta ƙasa tana nan Idi-Araba daura da asibitin koyarwa na LUTH, a tsakiyar unguwar Hausawa, mutum zai iya takawa da ƙafa.

Sai masu wankin ƙoda. Su babbar barazanarsu ciwon hanta nau'in B ne, saboda kullum jininsu na bi ta cikin inji. Jikinsu kuma ba ya kama allurar da kyau, don haka ninki biyu ake yi musu, maikirogiram 40 maimakon 20, sau da yawa kuma allura 4 ce ba 3 ba. Bayan an gama ana gwada jini a ga ko ta kama, in ma'aunin kariyar ya yi ƙasa da 10 sai a ƙara, kuma duk shekara ake dubawa. Lafiyayyen mutum da ya gama nasa uku ba ya buƙatar wannan zirga-zirgar.

Akwai kuma allurar kariya daga dajin bakin mahaifa da aka fara yi wa 'yan mata 'yan shekara 9 zuwa 14 a Oktoba 2023, Legas na cikin jihohin farko. Sau ɗaya ake yi wa kowa, amma yarinya mai cuta mai karya garkuwa ko wani raunin garkuwa ana so ta samu aƙalla 2, in da hali 3. Ta mura mai tsanani ta shekara-shekara kuma ba ta cikin jadawalin gwamnati, asibitocin kuɗi ne suke kawowa, mai asma ko ciwon zuciya ya tambayi likitansa.

Tambaya: Yaya, ƙanwata tana kimo a Idi-Araba. Masu allura sun shigo unguwa, mu bari a yi mata?

Kar ku bari a yi mata komai sai likitanta ya sani. Nan ne wajen da nake so a natsu.

Allurar rigakafi iri biyu ce. Akwai wadda babu ƙwayar cuta mai rai a ciki, irin ta korona da ta hanta da ta limoniya da ta sanƙarau da ta tetanus, waɗannan ba za su sa mata cutar ba ko yaya garkuwarta ta faɗi, iyakaci in an yi ana tsakiyar kimo ba za ta kama sosai ba, a yi asararta. Akwai kuma wadda ƙwayar tana da rai an dai raunana ta, irin ta shawara, da ta ƙyanda, da ɗigon shan inna na baki, da ta tarin fuka da ake wa jarirai a dantse. Lafiyayyen jiki murƙushe ta yake yi ya koyi darasi, amma jikin da aka danne garkuwarsa tana iya yin ƙarfi a ciki ta zama ciwo na gaske. Waɗannan an hana su ga mai kimo, da mai dashe, da mai sitiroyid mai yawa, da wanda CD4 ɗinsa ke ƙasa da 200.

Lokaci ma yana da ƙa'ida. In an san za a fara kimo ko za a yi dashe, mafi kyau a yi allurorin tun kafin nan, aƙalla sati 2 ga marasa rai, sati 4 ga masu rai. Bayan an gama kimo yawanci ana jira wata 3, in kuma an yi mata maganin da ake kira rituximab sai wata 6. Wanda aka yi wa dashen ɓargo kuwa kusan daga farko ake sake masa komai, domin tsohuwar kariyarsa ta tafi da tsohon ɓargon. Mai sikila da ba ya kan irin waɗannan magunguna ba ya cikin wannan hanin, a yi masa ta ƙyanda da ta shawara a kan lokaci.

Tambaya: To mu da muke ɗaki ɗaya da ita fa?

Ku ku yi naku, wannan ma gata ne a gare ta. A irin zaman da muke yi a Legas, gida ɗaya ɗaki goma bayi ɗaya, abin da ya kama ɗaya sai ya zagaye. In an ɗiga wa jariri na shan inna a gidan, kar ita ta riƙa yi masa wanki ko canza masa famfas na wasu makonni, kowa kuma ya riƙa wanke hannu da sabulu, saboda ƙwayar tana fita ta kashi. Ku faɗa wa likitanta akwai jariri a gidan.

Tambaya: Ina shan maganin cuta mai karya garkuwa shekara da shekaru, ba wanda ya sani sai matata. Dole sai na tona wa kaina asiri kafin a yi min?

Ba sai ka faɗa a gaban layi ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka yi maganar a kilinik ɗin da kake karɓar magani, ko Yaba ne ko asibitin koyarwa na LASUTH ko wani janar, su da suka san lambobinka. In kana shan magani daidai, ƙwayar ta kwanta, CD4 ya haura 200, jikinka yana kama allura kusan kamar na kowa. Ka tambaye su musamman game da ta hanta da ta limoniya.

Tambaya: Ina da ciki wata biyar, an ce in yi ta tetanus, ai na yi a cikin fari.

Hajiya ki yi. Jimilla 5 ce: ta farko, ta biyu bayan sati 4, ta uku bayan wata 6, ta huɗu bayan shekara, ta biyar bayan wata shekarar. Matsalar ita ce yawanci ana yin biyu a wajen awo, ana haihuwa shikenan an manta, sai wani cikin a sake farawa ba kati. Wadda ake yi yanzu haɗe take da ta mashaƙo, kin kuwa san yadda mashaƙo ya yi ɓarna a Kano tun ƙarshen 2022, mu kuma kullum motocin Agege da Ijora suna hanyar Kano. Ta korona ma an yarda da ita ga mai ciki. Allurori masu rai ne ake ɗagawa sai an haihu, sai dai in annoba ta ɓarke likita ya ga ya dace.

Tambaya: Zan tafi Umara, ana neman katin shawara, ni kuma an yi min dashen ƙoda a Indiya. Ya zan yi?

Alhaji kar ka yarda a yi maka ta shawara don kawai a buga maka hatimi, kar kuma ka sayi katin bogi a hannun 'yan kamasho. In ka taɓa yi kafin dashen, tun Yuli 2016 dokar duniya ta ce sau ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, ka nemo tsohon katinka. In ba ka taɓa yi ba, likitanka zai rubuta maka takardar uzuri ka kai wa jami'an lafiya na tashar jirgi su tabbatar, ka kuma bincika da wuri ko ƙasar da za ka za ta karɓa. Ta sanƙarau da Saudiyya ke nema ba mai rai ba ce, za ka iya yi, kuma ana so ta kai kwana 10 kafin ka sauka.

Tambaya: Gaskiya ni tsoro nake. Mun ji abin da ya faru a Kano.

Tsoron yana da tushe, ba zan ce maka babu ba. A 1996 lokacin annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, wasu sun rasu wasu sun nakasa, aka yi ta shari'a har aka kai ga biyan diyya. Amma a lura, wancan maganin warkarwa ne da ake gwaji, ba allurar rigakafi ba ce. Kuma mun ga ɗaya ɓangaren, da aka dakatar da ɗigon shan inna a wasu jihohin Arewa a 2003 cutar ta sake bazuwa har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, sai Agusta 2020 aka iya sanar da cewa nahiyar Afirka ta fita daga ainihin shan inna. Haƙƙinka ne ka tambayi sunan allurar, ka ga kwalbar, ka duba ranar lalacewarta, a rubuta maka a kati. Maganar hana haihuwa kuwa, matan da suka yi ta korona a 2021 ga su nan da goyonsu da na hannu.

Tambaya: Tana karya azumi?

Malamai da yawa sun tafi a kan allurar tsoka da ba abinci ba ce ba ta karyawa. In zuciyarka ba ta natsu ba ka tambayi malaminka, ko ka bari sai bayan salla in likita ya ce ba gaggawa.

Tambaya: Me zan ji bayan an yi? Kuma in ta farko wani kamfani ce ta yanzu wani fa?

Ciwon dantse, kasala, ɗan zazzaɓi, kwana ɗaya ko biyu, farasitamol ya isa. Ka zauna a wajen minti 15 zuwa 30 kafin ka hau okada ko danfo, saboda in za a samu mummunar rashin jituwa a wannan lokacin ta fi zuwa, kuma suna da maganinta a wajen. Mai wankin ƙoda ya miƙa hannun da ba a yi masa hanyar wanki ba. Wadda aka yi wa aikin dajin nono aka cire kaluluwar hammata ta ba da ɗaya hannun. Mai shan maganin tsinka jini ya faɗa, a danne wajen da auduga minti 2 ko fiye. Mai sikila ya sha ruwa sosai. Amma fa mai kimo ko mai sikila ko marar saifa, in zafin jiki ya kai 38 kar ya ce ai allurar ce ya kwanta, ya tafi asibiti a duba.

Haɗa kamfani ba laifi, an daɗe ana yi. AstraZeneca da yawancinmu muka fara da ita ma kamfanin ya janye ta daga kasuwa a 2024, dole wata za a yi maka.

Tambaya: Ina zan je, kuma me zan riƙe?

Ka fara da kilinik ɗinka, na ƙoda ko na daji ko na sikila ko na suga, ranar da kake da layin ganin likita sai ka tayar da maganar, kar ka jira shi ya tuna, mutum ɗari ne a bayanka. Shi zai ce wacce da wacce kuma yaushe. Na yara da na masu ciki cibiyar lafiya ta unguwa ce, kyauta. Wasu kuma sai asibitin koyarwa ko na kuɗi, don haka ka buga waya ko ka aika yaro ya tambayo ko akwai kafin ka kashe kuɗin mota ka sha go-sulo daga Ojo zuwa Ikeja a banza.

Ka riƙe katin allurarka, da duk magungunan da kake sha a cikin kwalayensu har da na gargajiya da na kemis, da sakamakon gwajin jini na ƙarshe. In Turanci ko Yarbanci na ba ka wahala ka tafi da wanda zai yi maka tafinta, wanda ka yarda da shi. Kar ka sayi allurar rigakafi a shagon da ba ka san yadda suke ajiya ba, yawancinsu sai a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, in wuta ta ɗauke kwana biyu ta yi zafi, ko ta daskare, ta tashi aiki ko da kwalbar tana nan fes.

Tambaya: Katina ya ɓace lokacin da ruwa ya shiga ɗakinmu. Sai na sake daga farko?

Ba lallai ba. Ta korona an shigar da ita kwamfuta lokacin da aka yi maka, na yara kuma akwai rijista a cibiyar da aka yi, ka koma can da sunanka da lambar wayar da ka bayar a lokacin. In an yi allurar a gida Arewa ne, a sa wani ya je ya ɗauko hoton shafin ya turo ta WhatsApp. Ko an yi jinkiri tsakanin allura da allura ba a komawa farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. In kuma an nema an rasa gaba ɗaya, likita zai ɗauka ba a yi ba ya tsara maka sabo, maimaita marasa rai ba ya cutarwa. Sabon katin da za a ba ka, ka ɗauki hotonsa gaba da baya tun kafin ka bar asibitin.